Ranar da Mota Ta Kafe Mini da Matar Sambo

Filinge, cikin damina

Zuwa ga ɗana Isufu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida mutanen gidan da ka sauka a Yamai. Allah ya sa wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin mutum. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya.

Innarka ta ce mini ba da jimawa ba za a ba ka mota ku nufi ƙasar Tawa da mutanen ƙungiyar da ta ɗauke ka aiki. Ba zan cika ka da labarin gida ba, ita za ta ba ka shi a waya. Ranar da ka tafi ban raka ka tasha ba, na ce ina da aiki a gona, kai ma ka san ba wani aikin da ya tsare ni. Maganar da ke bakina ce ta yi mini nauyi, ni kuwa ban iya faɗin irinta ido da ido ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da ɗan bokon da na koya da girmana. In ka ga kuskuren rubutu ka wuce shi.

Ban so ka zama direba ba, ka sani, kuma har yau ban so ba. Amma tunda ka zama, gara ka ji daga bakina yadda anka yi na ƙare a ƙofar gida ina kallon motocin mutane suna wucewa. Duk Filinge an san labarin. Kai ma ka tsince shi guntu-guntu a bakin masu shayi, kowa da abin da yake ƙarawa. Ni ne ban taɓa zaunar da kai na jera maka shi ba.

Na fara tuƙi a gidan Alhaji Tanko, tun ba a haife ka ba. Yana da wata tsohuwar katkat, irin motar shiga daji, da muke kai ƴan kasuwa da buhunan hatsi kasuwannin ƙauye. Motocin da ba su da wani wayo. Ƙafafun baya ne ke tura ta, na gaba bi kawai suke yi. In ka iso rairayi sai ka tsaya, ka sauka ka murɗa makullin da ke tsakiyar ƙafafun gaba, ka komo ka ja ɗan sandan da ke kusa da giya, wanda muke ce wa karabo. Daga nan ƙarfin inji ya rabu gaba da baya, ƙafa huɗun suna juyawa tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ranar da na fara jin yadda take haye tudu da karabo, ga ta maƙare da kaya, sai na ɗauka na gano abin da sauran direbobi ba su gano ba. Na ce a raina, tunda huɗu sun fi biyu ƙarfi, don me za a riƙa kwance su? Na bar ta a ɗaure na hau kwalta da ita.

Ta yi mini gargaɗi iyakar iyawarta. Bolan, wato sitiyari, ya yi tauri a hannuna, in na zo kwana sai ta riƙa tsalle, tayoyi suna kuka. A rairayi ƙafa tana samun wurin da za ta ɗan zame ta huce, kwalta kuwa ba ta barin ta. A kwana tafiyar ƙafafun gaba ta fi ta na baya tsawo, ni kuma na tilasta musu su tafi daidai, ƙarfen da ya haɗa su yana ta murɗewa ban sani ba. Kusa da Tabla ya karye, da ƙara kamar an harba bindiga. Mata sunka sauko da kayansu sunka zauna bakin hanya cikin rana, kasuwa ta ci ba da su ba. Da Alhaji ya iso bai zage ni ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, sannan ya tambayi fasinjoji ko akwai mai jaki a cikinsu da ke neman mai kora. Anka yi dariya. Shekaru bayan haka in na shiga tasha akwai masu kirana Gado mai jaki.

To ka ji na farko. In motarka tana da abin ɗaure ƙafafu, kada ka hau ƙasa mai tauri da shi, kuma in bolan ya yi maka gardama ka tsaya ka duba, kada ka nuna masa ƙarfi. Amma ba karyewar ƙarfen ce ta cuce ni ba, abin da na ɗauka daga ita ne. Ban je wurin bakanike na ce ya nuna mini dalili ba, kunya ta hana ni. Na dai fito da tsoron karabo a zuciyata. Na zama direban da ba ya taɓa shi sai ya rasa yadda zai yi, har ina alfahari ina ratsa rairayi da ƙafa biyu, da gudu da dabarar hannu. Mutane sunka yaba, ni kuma na yarda da su. Isufu, in ka yi kuskure ka nemi wanda ya sani ya nuna maka daidai inda ka kauce. In ba haka ba tsoro ne kaɗai zai rage maka, kuma wata rana tsoron zai yi maka ɓarnar da ta fi ta farko.

Na yi shekaru ina bin motocin mutane, har wata ƙungiya mai taimakon likitocin ƙauye ta ɗauke ni in tuƙa mata ambilans. Kana yaro lokacin, kana tuna yadda kake jirana a bakin zaure don in ɗora ka a kujera. Motar tsohuwa ce mai karabo, na san ta kamar tafin hannuna. Na ɗauko masu naƙuda, da waɗanda maciji ya sara, da yaran da zazzaɓi ya sandarar, ban taɓa rasa kowa saboda hanya ba. Wannan aiki shi ne abin da na fi ƙauna a duniya, in ka cire ku.

Sai anka kawo sabuwa. Fara ce tas, cikinta da sanyi, kuma da na shiga na lalubi sandan karabo ban same shi ba. A wurinsa akwai wani abu zagayayye kamar na murɗa rediyo, da ƙananan zane a kewaye: ganye, hanya, tudun rairayi, laka, dutse. Wanda ya kawo ta daga Yamai wani bakanike ne Bazabarme, sunansa Sumana, magidanci ne amma bai kai ni shekaru ba. Mutane sun taru a filin ma'aikata suna kallon mota, da majo, wato shugaban likita, da masu gadi, da ƴan unguwa. A gabansu Sumana ya ce mini, “Baba Gado, wagga ba kamar waccan ba ce, tana da nata tunani. Mu fita bayan gari in nuna maka yadda take raba ƙarfinta.”

Na ce masa ina ratsa rairayin ƙasar ga tun yana goye a bayan innarsa. Anka yi dariya, kuma na ji daɗin dariyar, don ta daɗe ba ta zama a gefena ba. Sumana ya ce to, ya ba ni makulli da hannu biyu, ya shiga taksi ya koma Yamai.

Shef ɗinmu, wanda ke kula da motoci, ya kira ni ya ce in bar abin murɗawar a kan ganye kullum, don a nan ne ba ta shan mai, kuma in ta buƙaci ƙafa huɗu ita da kanta za ta kira su. Maganar ta yi mini daɗi, ta zo daidai da tsorona. Duk rani na yi ta yawo da ita a kan ganye, a kwalta da jar ƙasa, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Shef yana yabona a gaban mutane, wai ni ne direban da ya fi kowa tattali.

Ga shawarata a nan, ka riƙe ta ko ka zubar da sauran. Ranar da anka ba ka makulli, ka nemi wanda ya san motar, ko ƙanen bayanka ne, ka ce ya nuna maka. Ku fita da ita wurin rairayi da wurin laka a ranar da ba wanda ke mutuwa a bayanka, ka murɗa abin nan kowane gefe, ka ji da jikinka abin da ya sauya. Ka kafe da gangan ka koyi fita. In masu kallo sun yi maka dariya ka ƙyale su, su ba za su kasance tare da kai a daji ba.

Kana tuna Sambo, Bafillacen da ke riƙe mana ƴan shanunmu a rugarsu can ƙasar Tondikandiya, gaba da Damana. Abokina ne tun muna samari, a gonar mahaifina shanunsu ke kwana bayan kaka. Kana tuna matarsa Kumbo, mai kawo wa innarka man shanu ranar kasuwa, wadda take ce maka angonta tana tambayar yaushe za ka kawo mata zane. A daminar farko da sabuwar mota, da safe, anka aiko cewa Kumbo tana naƙuda tun jiya, abin ya ƙi, kuma jini ya ɓalle. Na ɗauki Madam Hadiza, ungozomar likita, munka kama hanya.

Tsakanin rugar da babbar hanya akwai wani kwari mai faɗi, rairayi ne zalla. Da tafiya mun wuce shi, don safiya ce, ƙasa da sauran danshi, mota kuma ba kaya. A tsakiyarsa na ji ta ɗan ja baya, wata fitila rawaya ta yi ƙyafta-ƙyafta a gabana, sannan ta ci gaba. Ban kula ba. Madam Hadiza ta shiga bukka ta duba Kumbo, ta fito fuskarta a ɗaure, ta ce sai Filinge, sai an yi mata aiki, kuma kada mu ɓata lokaci. Munka kwantar da ita a baya. Sambo ya shiga, da tsohuwarsa, da Madam.

Kafin mu komo kwarin rana ta take, saman rairayin ya bushe, garken shanu sun bi sun tattake shi. Na yi abin da na saba, na ɗauko gudu tun daga nesa na shiga. Da munka kai tsakiya ƙafafun baya sunka fara zamewa, na ba ta wuta. Maimakon ta yi ruri ta yunƙura kamar tsohuwata, sai injin ya yi ƙasa kamar an shaƙe shi. Na taka har ƙasa, ita kuwa tana ƙara sanyi, fitilar nan rawaya tana ta ƙyaftawa. Kafin in ji ƙafafun gaba sun kama, gudun ya riga ya mutu. Ta tsaya. Na sa baya, na sa gaba, na sa baya, kowane yunƙuri tana ƙara nutsewa.

Madam Hadiza ta leƙo daga baya ta nuna abin murɗawar, ta ce, “Baba Gado, wancan zanen ba na rairayi ba ne?”

Na ce mata, “Ki ji da mai naƙuda, ki bar mini mota.”

Haka na ce mata, Isufu. Ina tsoron in murɗa wani abu ya karye kamar na Tabla, kuma ba na son in ce a gaban Sambo ban san motata ba. Na ci gaba da ba ta wuta har wani wari ya taso, wata fitila ja ta kama, ƙafafun gaba sunka daina juyawa ɗungum. Sai a lokacin na kai hannu na murɗa abin, dama da hagu, kowane zane na gwada. Ba abin da ya sauya. Cikin motar ya riga ya zauna a kan rairayi.

Munka sauka muna tono, ni da shebur, Sambo da hannu, tsohuwarsa da ƙwarya. Munka karyo sabara munka cusa ƙarƙashin tayoyi. Rairayin yana ƙona hannu, muna kwashewa yana komowa. Waya ba ta kamawa a wurin. Ka san matan Fulani, Kumbo ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, ruwa kawai take nema. Da na zo wucewa ta bakin ƙofa da shebur, jikina duk ƙasa, ta buɗe ido ta dube ni ta ce, “Baban Isufu, sannu da wahala.” Na wuce na ci gaba da tono.

Da Sambo ya ga abin ba zai yiwu ba, ya sheƙa da ƙafa zuwa rugar ya ɗauro shanu a amalanke. Munka ciccibi Kumbo munka ɗora, Madam ta hau tana riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama. Ta ce in tsaya wurin mota. Na tsaya ina kallonsu har tudu ya ɓoye su. Wajen la'asar wani makiyayi da ke komowa ya ratso ta wurina, ya ce ba su kai Damana ba, Kumbo ta cika a hanya, da abin da ke cikinta.

Don haka ka ji. Ana zaɓar zanen ne tun kafin a shiga, ba bayan an nutse ba. In ka iso bakin rairayi ko laka ka tsaya, ko wa ke maka tsawa a baya. Ka sauka ka taka wurin da ƙafarka, ka rage iskar tayoyi, ka murɗa abin inda ya dace, sannan ka shiga. Wurin da ka wuce da safe ba shi ne wurin da za ka iske da rana ba. In ta tsaya, ka ɗauke ƙafarka nan take, kowace juyawa bayan wannan rami kake haƙa wa kanka. Kuma duk wanda ke cikin motar, in ya ce ga wani abu, ka duba. Madam Hadiza ba ta taɓa riƙe bolan ba, amma ta ga abin da na ƙi gani.

Kashegari anka turo Sumana. Na ɗauka zai tuna mini maganar da na yaɓa masa, bai ko ɗaga ta ba. Ya kama hannuna ya ce kala suru, wato haƙuri da bakinsu, sannan ya tuɓe riga. Munka ɗaga motar da jak, munka cike ramukan. Ya rage iskar tayoyi, ya murɗa abin zuwa tudun rairayi, ya ce in shiga in ja. Na ce shi ya ja. Ya ce a'a, motata ce. Na shiga, na taka a hankali, ta fito.

A nan, a bakin kwarin, na sunkuyar da kai na roƙe shi ya faɗa mini abin da ya so faɗa mini tun farko. Ga yadda na fahimta, na rubuta maka da bakina. In tana kan ganye, kusan duk ƙarfin yana tafiya ƙafafun baya, kuma ko ka taka ba ta amsa maka da sauri, don tattalin mai take yi. Ba ta kiran ƙafafun gaba sai bayan ta ji na baya sun zame. Kuma da ta ji ƙafa tana juyawa a banza sai ta kama mata birki ta rage wa inji mai, don ita a zatonta kana kan kwalta mai santsi, inda irin wannan juyawa ke kifar da mota. A kwalta wannan hali yana ceton rai. A rairayi shi ne ya shaƙe mu. In ka murɗa abin zuwa zanen tudun rairayi kuwa, tun daga tashi take raba ƙarfin gaba da baya, ta bar ƙafafu su ɗan yi tono ba ta hana su, ta daɗe a ƙaramin giya, in ka taka ta amsa. Zanen laka kusan haka yake, tana barin taya ta juya ta watsar da taɓon da ya liƙe mata. Na dutse tafiyar hawainiya ce, in wata ƙafa ta tashi sama sai ta danne ta, ta tura ƙarfin ga waɗanda ke ƙasa. Jar fitilar nan kuwa, abin da ke haɗa gaba da baya ne ya yi zafi saboda wutar da na yi ta ba ta, sai ya saki kansa don kada ya ƙone. Da a ce na kashe ta na jira ta huce, da ya komo. Sumana ya ce motoci sun bambanta, wata ƙafafun gaba ne ke jan ta kullum, wata kuma huɗun duka. Don haka kada ka ɗauki maganata a kan taka motar, ka tambaya.

Da ya gama sai ya ce in juya in sake ratsa kwarin, don hannuna ya saba. Na ratsa. Na komo. Na sake ratsawa ta kan ramin da munka tona jiya, ga ƙwaryar tsohuwa can a yashe. Ta wuce shi kamar a kan tabarma, ko nishi ba ta yi ba. Na tsayar da ita, na sauka na je bayan wata adua na zauna. Sumana bai biyo ni ba, Allah ya saka masa.

Madam Hadiza ta same ni bayan haka ta ce jinin da Kumbo ta zubar ya yi yawa tun kafin mu iso, mai yiwuwa ko mun kai Filinge ba za ta tashi ba. Na gode mata. Na yi imani kwananta ne ya ƙare, ba mai ƙara wa wani numfashi. Amma Allah ya ajiye mini dabarar a ƙarƙashin hannuna na dama, kuma ya aiko mini mutum biyu su nuna mini ita. Ban san ko da ta rayu ba. Abin da na sani shi ne ban kai ta ba.

Na je gaisuwa ruga. Sambo ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa anka kawo mini nono, ya ce in daina damun kaina, hukuncin Allah ne. Bayan kaka, wata safiya, na fito na iske shi a ƙofar gida da shanunmu, ya ɗaure su a jikin itacen bedi. Ya ce kiwo ya yi masa yawa, in nemi wani. Na ce ya shigo ya sha ruwa, ya ce yana sauri. Na tambaye shi ko fushi yake da ni.

Ya ce, “Ba fushi, Gado. Idona ne ba ya son ganinsu.”

Har yau muna gaisawa in mun haɗu a kasuwa. Yana tambayar lafiyarka. Bai sake taka gidanmu ba.

A ma'aikata anka zauna a kan maganar. Shef ya ce shi bai taɓa ce wa kowa ya bar mota a kan ganye ba, abin dai shi ne direba ya tsufa, sabbin motoci sun fi ƙarfin kansa. Anka tambaye ni ko ina da abin cewa. Na ce babu. A ganina laifina ya yi girman da ba ni da bakin ambaton na wani. Anka sallame ni, na ajiye makulli na fito. Daga baya na ji wanda ya gaje ni an ba shi umurni iri ɗaya, sai da Madam Hadiza ta ja shi gefe. Shef yanzu yana Yamai a babbar kujera, yana da nasa direba. In ya biyo ta Filinge yakan ɗago mini hannu ta bayan gilashi, ni kuma in ɗago masa. Duk lokacin da na ɗaga hannun nan sai na ji haushin kaina.

Shirun nan kuskure ne, ɗana. In ka yi laifi ka ɗauki rabonka gaba ɗaya, kada ka rage, amma kada ka ɗaukar wa wani nasa, don wanda zai biyo bayanka shi zai taka ƙayar. Za ka gamu da masu ba da umurni daga cikin inuwa, waɗanda ba su taɓa tono da hannu ba. Ka girmama su, ka yi musu tattalin mai a kan kwalta. Da zarar ƙafarka ta sauka daga kwalta, kai da ke riƙe da bolan kai ne mai zaɓi, kuma ka faɗa musu haka tun ranar farko, cikin ladabi. Balle yanzu da daji ya lalace, motar da ta kafe ba jinkiri kaɗai take jawowa ba. In an matsa maka ka bi hanyar da zuciyarka ba ta kwanta da ita ba, ka ƙi. Aiki ana samun wani.

Saura guda, ita ce tsakanina da kai. Da na dawo gida na zauna, ɗacin ya rasa inda zai sauka sai a kanku. Na hana a ambaci mota a gidana. Ranar da na iske ka a garaji kana taya su kwance inji, ka riga ka zama saurayi, na ja ka da wuyan riga a gaban sa'anninka. Ka sha zuwa ka zauna kusa da ni bayan sallah, ka tambaye ni yadda ake jin taya ta fara zamewa, ko yadda ake sauka gangare da kaya, in tashi in bar maka wurin. Ka koyi tuƙi a hannun baƙi, alhali mahaifinka yana zaune ba ya aikin komi. Ka ci permi, takardar izinin tuƙi, ka ɓoye mini, a bakin innarka na ji. Na ɗauka tsare ka nake yi. Ashe abin da na yi kawai shi ne na bar ka ka hau hanya ba tare da abin da na saya da tsada ba. Ka yafe mini. In Allah ya ba ka ƴaƴa, abin da duniya ta yi maka a waje kada ka shigo musu da shi ɗaki, kuma in sun tambaye ka ka amsa.

Ban taɓa zama a motar da kake tuƙawa ba. Direbobin tasha sun ce hannunka yana da sanyi, ba ka fizgar mota. Ban nuna musu na ji daɗi ba, amma na ji. In ka samu hutu ka zo, ka aro ko wace iri ce ka kai ni gona. Zan zauna a gefenka, ba zan ce komi ba sai in ka tambaye ni.

Allah ya kai ka lafiya ya maido ka lafiya. Ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare waɗanda za su zauna a bayanka sun ba ka amanar rayukansu. Ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronsa da abokan tafiya na kirki, ya nisanta ka da mugun ji da mugun gani. Kada ka bar sallah ko kana tsakiyar daji, kuma in ka ɗaga hannu ka sa Kumbo a ciki. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Gado